Makongo: Tsutsar Daji, Allo da Kuɗin Makaranta



Wasu za su yi mamakin ganin maganar fim a shafin da aka saba samun darasi. To ku yi mana haƙuri ku bi mu zuwa ƙarshe. Fim ɗin nan ba jarumi a cikinsa, ba bindiga, ba rawa irin ta Indiya. Sunansa Makongo, ɗan ƙasar nan ne ya yi shi, Elvis Sabin Ngaïbino, kuma ya fito a 2020. Mun kalle shi ne bayan sallar isha'i a tsakar gidan wani ɗan uwa, nan bayan titin Koudoukou, a kwamfutar da aka ɗora bisa kujera, manya a kan tabarma, ɗalibai a tsaye ta baya. Awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Da ya ƙare an ɗan jima ba wanda ya ce uffan.

Makongo dai kowa a Bangui ya san shi: tsutsar itacen nan da ke cika kasuwa in damina ta yi nisa, wajen watan Yuli zuwa Satumba, wata ɗanya, wata an kyafe ta da hayaƙi. Tun kafin a fara wani ɗalibi ya jefo tambayar ko ta halatta a ci. Muka ce masa wannan ya kai wa malamin fiƙihu da safe, yau kallo muka zo.

Labarin gaske ne, ba shiri ba. Wasu samari biyu ne, André da Albert, 'yan ƙabilar Aka daga Mongoumba a yankin Lobaye, can bakin kogin Ubangi. Aka su ne mutanen dajin da Turawa suka laƙaba wa Pigme, kuma mu ma mun san sunayen raini da ake kiransu da su a gari, ba sai mun rubuta ba. Samarin nan suna cikin 'yan ƙalilan daga cikinsu da suka yi nisa a makarantar boko, suna shan tsangwama a wurin 'yan ajinsu. In sun taso daga karatu sai su bi hanyar daji zuwa bukkokin danginsu, su tara yara, su koya musu baƙi da lissafi. Ba mai biyansu. Burinsu su sa yaran nan a makaranta ta sosai, wannan kuwa sai da kuɗin rajista. Kuɗi kuma ba inda za su fito sai daga makongo. Sai a shiga daji a tsinto, a kyafe, a ɗauko zuwa Bangui a sayar.

Shi ke nan labarin. Amma yadda aka ba da shi, nan ne aikin yake.

Mai fim ɗin bai sa murya daga sama tana yi mana bayani ba. Ba wanda ya fito ya ce ku dubi waɗannan bayin Allah, ku tausaya musu. Kyamara tana bin su ne kawai, tana jira. Mu da muke zaune a Kilomita Biyar mun san ɗaya irin kyamarar. Tun daga 5 ga Disamba 2013 ta yi ta shigowa unguwar nan, ta ɗauki gini da ya ƙone da tsohuwa mai kuka, kafin la'asar ta koma otal. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Fafaroma Francis ya zo Babban Masallaci, duniya ta gan mu na kwana ɗaya, washegari ta juya baya. A waɗancan hotuna mu abin nuni ne. A Makongo kuwa talaka shi ne mai shawara, shi ke lissafi, shi ke gajiya, shi ke bayarwa. Wanda bai mallaki takalmin kirki ba shi ne yake ɗauke da nauyin karatun 'ya'yan wasu. Wannan juyin shi ne babban abin da fim ɗin ya yi, kuma ya yi shi ba da hayaniya ba.

Wanda ya ga Le Silence de la forêt na 2003, wanda Didier Ouénangaré da Bassek ba Kobhio suka yi, zai fi gane abin da muke nufi. A can wani sufeton makarantu ne ɗan boko, ya dawo daga Faransa, ya shiga daji don ya wayar da mutanensa, abin bai yi masa kyau ba. Labarin nasa ne, su mutanen dajin suna kewaye da shi. Shekara 17 bayan nan sai ga fim da allon yake hannun 'ya'yan Aka da kansu.

Inda ya fi taɓa mu shi ne wajen ciniki. Mu 'yan kasuwa ne, 'ya'yan 'yan kasuwa, a Sankilo aka haifi yawancinmu cikin ƙarar awo da tayi. Da samarin suka fito da kayansu aka fara taya musu, tsakar gidan nan sai aka soma gyara zama. Ba mu san masu sayen ba, amma wallahi mun san tayin. Ka ga mutum ya sha hanya, ba shi da wurin kwana, kayansa ba za su jira ba, bai san farashin gari ba, sai ka karya masa kuɗi ka juya kai kamar ba ka so, don ka san ba inda za shi. In ya sallama ka ce a yi maka gyara. Mu a wurinmu wannan iya kasuwa ne, har yaro ake yabo in ya ƙware a kai. Fim ɗin bai zagi kowa ba. Abin da ya yi kawai, ya riga ya nuna mana yaran da ke jiran kuɗin a daji, saboda haka kowace dala da aka rage a bakin tayi mun san daga kan wa aka cire ta. Wani dattijo a cikinmu, mai shago tun zamanin Kolingba, ya ce a hankali: "Kai, wannan ai ni ne." Aka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Kuma abin da ciwo ta wani gefen. Mu ne muke kukan ana ce mana baƙi a ƙasar da aka binne kakanninmu, ana neman takardar uba da ta kaka kafin a ba mai suna Amadu katin ɗan ƙasa. 'Yan uwanmu na Boda, a cikin Lobaye ɗin nan dai, sun yi zaman ƙawanya a 2014 ba shiga ba fita. Mun ɗanɗana raini, mun san ɗacinsa. Amma su Aka, da ba mai gardamar sun riga kowa zama a dajin nan, sau nawa muka taɓa kawo su a hirarmu in ana lissafin waɗanda aka danne? Hukumar UNESCO ta ɗaga waƙoƙinsu tun 2003 a matsayin gadon duniya. Ƙasar nan ce ta farko a Afirka da ta amince da yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, a 2010. Duk wannan a takarda yake. A ƙasa kuwa har yau ana sa su noma a gonar wani a sallame su da taba ko ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Ba za mu ce fim ɗin ba shi da aibi ba. Na farko, yana da nawa. Ɗalibanmu da suka saba da bidiyon waya na minti ɗaya sun fara hamma a wajen tafiye-tafiyen daji, kuma ba duka laifinsu ba ne. Na biyu ya fi girma. Fim ɗin ya karɓi makarantar boko a matsayin ƙofa ɗaya tilo, bai tsaya ya tuhume ta sosai ba. Yaron da ya san sunan kowace bishiya, ya san wadda makongo ke sauka a kanta da lokacin saukarsa, za a zaunar da shi a benci a koya masa da Faransanci cewa bai san komai ba. Me zai samu, me zai bari a bakin ƙofa? Mu da muka yi shekaru muna jan igiya tsakanin allo da lekol mun san tambayar nan ba ƙarama ba ce. Mun so a ce an ba dattawan Aka da iyaye mata fili sun faɗi nasu ra'ayin a kanta.

Akwai kuma wanda ya tambaya, shi mai kyamarar me ya hana shi zaro kuɗin rajistar daga aljihunsa? Tambaya ce mai kyau, an yi ta muhawara a kai. Mu dai ganinmu, da ya yi haka a gaban kyamara da labarin ya koma nasa, ya zama wani sufeton na biyu.

Shi Ngaïbino ilimin duwatsu da ma'adinai ya karanta, fim daga baya ya koye shi, a horon da ƙungiyar Ateliers Varan ta Faransa ta ba wasu matasa a nan Bangui a 2017. Daga wannan horon ne Rafiki Fariala ma ya fito, wanda fim ɗinsa kan rayuwar ɗaliban jami'ar Bangui ya je bikin Berlin a 2022, hukuma kuma ta hana nuna shi a gida. Makongo ya ci lambar yabo a bikin Cinéma du Réel na birnin Paris. Abin takaicin shi ne mutumin Paris ya fi mai shago a Koudoukou sauƙin ganinsa, alhali shi mai shagon ne yake cikinsa.

A ƙarshe kuɗin bai kai a sa dukkan yaran a makaranta ba. Wasu suka samu, wasu suka rasa, kuma fim ɗin bai lallashe mu da alkawarin baɗi ba. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ranar karɓar kuɗin Laraba, ya ga yaron da ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa, ya san wannan fuskar. Muna naɗe tabarmi wani ƙaramin ɗalibi, shekarunsa ba su wuce 10 ba, ya ja hannun malaminsa ya ce: "Malam, su sauran fa, gida za su koma?" Malam ya ce masa ya ɗauko takalmansa, dare ya yi.