Sunan da Baki Ya Kasa Faɗa: Tsokaci Kan Taurarin Labaranmu

A 'yan shekarun nan, duk sa'ad da aka kawo mana rubutun sabon marubuci domin mu duba, tun a shafin farko muke yin tuntuɓe, kuma ba a kan jigo ko zubi ba, a kan sunan tauraruwar labarin. Sai mu tarar da Xarah, ko Feenarh, ko Aaryaan, sunayen da aka tsinto daga finafinan Indiya ko aka yi wa ado da baƙaƙen Turanci har mai su ma ba zai gane kansa ba. Abin ya fi yawa a littattafan da ake sakewa ta WhatsApp da Wattpad.

Wani zai ce ai suna ne kawai. To amma mu tuna cewa yawancin labaranmu da kunne ake shan su. Ana karanta su a gidajen rediyo, ana karanta su a YouTube, yarinya kuma takan karanta wa uwarta da ba ta yi boko ba. Idan mai karatu ya zo kan Xarah, da me zai fara, da "z" ko da "s"? Harafin "x" ba ya cikin abacadar Hausa.

Ba yau Bahaushe ya fara aron suna ba, sai dai in ya ara yakan sarrafa shi ya dace da bakinsa. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su cunkushe a ƙarshen gaɓa, shi ya sa Abu Bakr ya koma Abubakar, daga nan Habu. Khadija ta zama Hadiza da Dije, Maryam ta zama Mairo, Ibrahim ya zama Iro. Magabatanmu a rubutu sun san wannan. Abubakar Imam, a Ruwan Bagaja na 1934, ya ba mu Malam Zurƙe ɗan Muhamman, sunan da tun kafin mutumin ya buɗe baki mun fara murmushi. A Jiki Magayi, ɗan da Malam Shehu ya daɗe yana nema ana kiransa Kyauta, wanda ya san yadda labarin ya ƙare kuwa ya san irin nauyin da sunan nan ya ɗauka. Balaraba Ramat Yakubu ma, a Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu ta kira tauraruwarta, ba ta ji kunya ba.

Ba cewa muke yi kowane suna sai ya zo da sauƙi ba. Boɗaɗo ta cikin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ba kowane Bakano ne zai faɗe ta kai tsaye ba, amma sunan yana da dalili, domin kuwa yarinyar Bafulatana ce, kuma labarin a kan asalin nata ya tsaya. Haka nan mun yarda cewa iyaye a birane suna raɗa wa 'ya'yansu Afnan da Amal, marubuci kuwa yana da damar nuna zamaninsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne inda ake kai sunayenmu na gida. A duba da kyau: 'yar Alhaji mai mota ita ce Feenarh, mai wanke mata kwanuka ita ce Ladi ko Talatu. Saurayi ɗan boko Aaryaan ne, maigadi kuwa Tanko, ɗan daba Gambo. Alhali Tanko ɗa ne da aka haifa bayan 'ya'ya mata, Gambo mai bin tagwaye ne, Talatu kuma ranar haihuwarta aka faɗa. Kowanne tarihin gida ne a cikin kalma guda, wanda marubuci zai iya mora ba tare da ya ɓata shafi yana bayani ba. Yarinya mai suna Ladi da ta karanta littafi goma, a cikin kowanne ta ga takwararta tana shara ana yi mata tsawa, me muka koya mata game da sunan da kakarta ta ba ta?

Kafin a kai rubutu wurin bugu, muna ba da shawara marubuci ya miƙa shafin farko ga wani dattijo ko dattijuwa a gidansu, ya roƙa a karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya saurara ya ji inda harshe ya sarƙe.