Jinjina Ga Malaman Wasiƙar 'Yan Boma

A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban samarin Arewa sun ajiye fartanya suka tsallake teku har ƙasar Boma, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1944 suna fafatawa da Japanawa a kwarin Kaladan, iyayensu na gida suna jiran labari.

Idan wasiƙa ta iso ƙauye, wajen malamin zaure ake kai ta, don shi ke karanta ajami, wani ma har da boko. Zai warware takardar a hankali, ya karanta gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, uwa na saurare daga bayan zana. Sannan ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada ya rubuta amsa: damina ta yi albarka, an girbe gero, matarka ta sauka lafiya, an raɗa wa yaro sunan mahaifinka. Labarin rasuwa kuwa, sai ya lulluɓe shi da addu'a don kada zuciyar soja ta karye.

Waɗannan malamai sun riƙe sirrin gidaje, sun raya zumunci tsakanin daji da gida. Allah Ya saka musu da Aljanna.