Uwa Tsakanin Camfi da Boko: Nazarin Waƙar "Daren Kunama"

Nissim Ezekiel marubucin waƙoƙi ne ɗan ƙasar Indiya. An haife shi a Bombay, wadda a yau ake kira Mumbai, a shekarar 1924, ya rasu a 2004. Da Turanci ya yi rubutunsa. Waƙar da za mu feɗe, mai suna Night of the Scorpion, wato "Daren Kunama", ta fito ne cikin littafinsa The Exact Name a 1965.

Jigo da Warwararsa

Mawaƙin ya ba da labari ne da bakin ɗa mai tuna daren da kunama ta harbi mahaifiyarsa. Ruwan sama na awa goma ya koro kunamar, ta laɓe ƙarƙashin buhun shinkafa. Maƙwabta manoma suka taru da fitilu da kyandir suna nemanta, domin a ganinsu duk motsin da ta yi, dafin ma zai motsa a jinin matar. Suka kuma yi fatan azabar ta wanke mata zunubin rayuwarta ta baya, bisa aƙidar Hindu ta sake haihuwa. Sai bayan awa ashirin zafin ya lafa.

Masu nazari da dama kan ɗauka manufar waƙar ita ce yi wa camfin ƙauyawa dariya. A ganina wannan rabin karatu ne. Dubi mahaifin yaron, wanda aka nuna mana shi a matsayin mai bin hankali, mai shakkar camfi. Da ido ya raina fata, babu garin magani ko ganyen da bai gwada ba, har ya kai ga zuba kananzir a yatsan ƙafar matar ya ƙyasta ashana. Addu'ar manoma ba ta cire dafi ba, amma ba ta ƙona kowa ba. Ashe tsoro ne ke haifar da camfi, kuma bai san ɗan boko ba.

Salo

Waƙar ba ta da amsa-amo ko tsayayyen kari irin na rubutattun waƙoƙinmu. Ƙarfinta na cikin maimaita maganar taron jama'a, har ta koma kamar amshi. An kamanta manoman da cincirindon ƙudaje, kuma a nan nake ganin mawaƙin ya zarce gona da iri. Mutumin da ya ratso ruwa cikin dare don ya zauna da mai ciwo ya fi ƙarfin a kira shi ƙuda.

Babbar gwaninta tana ƙarshe. Tun farko kowa ke magana a kan uwar, ita kuwa sai nishi da birgima a tabarma. A ɗango uku na ƙarshe ne kawai ta buɗe baki, ta yi godiya ga Ubangiji da harbin ya faɗa kanta bai faɗa kan 'ya'yanta ba. Kowa ya kawo dalilin wahalarta, ita kaɗai ta san amfanin da ta yi.

Kammalawa

Sai dai mai karatu ya yi hattara. Yabon haƙurin uwa abu ne mai sauƙi, ya kan ma hana mu tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa mace ta yi awa ashirin tana murƙususu, babu likita ko ɗaya cikin masu taron? Waƙar ba ta yi wannan tambaya ba, amma ta bar mana ƙofar yin ta.