Jinjina ga Masu Gyaran Kyamara

Gyaran kyamara sana'a ce ta kaifin ido da haƙuri, kuma gwanayenta sun cancanci yabo. Matsala biyu aka fi kai musu: hoto ya fito dishi-dishi, ko baƙaƙen ɗigo su bayyana a jikinsa.

Idan hoto ya ƙi fita tas, gwani ba ya gaggawar kwance na'ura. Yakan fara duba ko an kashe saitin da kyamara ke yi da kanta, sannan ya goge 'yan ƙarafan da ke haɗa gilashi da jikin kyamara, domin datti a nan yana katse saƙo. A wasu kyamarori masu madubi na Canon da Nikon, saiti kan faɗa gaban abin ɗauka ko bayansa. Sai ya ɗauki hoton rula a karkace, ya gano inda ya kauce, ya daidaita.

Ɗigo kuwa ƙura ce da ta kwanta a kan sensa, farantin da ke karɓar haske. Tana yawaita da hunturu, da kuma wajen sauya gilashi a filin hawan sallah. Gwani yakan tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ya ɗauki hoton farar takarda, ƙurar ta fito fili. Da cikakken batir yake fara aiki, don kada labulen da ke gaban sensa ya rufe masa a tsaka. Famfon iska na roba yake sa wa tukuna. In ta ƙi, ya shafe da tsinken goge na musamman da ɗigon ruwan goge sensa. Wannan taka-tsantsan ne ke tsare jarin mai hoto.