Gandun Daji da Haƙƙin Manomi

Wanda duk ya tsaya a Sabon Tasha, kudu da Kogin Kaduna, ya ga motocin itace da gawayi suna kwararowa ta hanyar Kaciya, lalle ya tambaya ina aka kwana game da kiyaye dazuzzukan Arewa, aikin da aka soma fiye da shekara 100 da ta wuce.

Tun cikin 1916 Gwamna Lugga ya kafa dokar gandun daji, aka ba hukuma ikon keɓe daji ta hana sara da noma. Daga baya En'e-En'e suka yanki nasu, kamar dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari cikin 1936. Wajen lokacin nan ne wani Bature masanin itatuwa, Stebbing, ya ta da hankalin mahukunta, ya ce Hamada tana matsowa kudu. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zaga kan iyaka cikin 1936 da 1937, bai sami shaidar haka ba. Cikin 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wa makiyaya wuraren kiwo.

Ba a ƙi ba, gandu ya yi rana, gama ya tsare kurame da mafarin rafuka da yawa. Aibinsa shi ne an ɗauki manomi abokin gaba. Aka shata iyaka, aka sa malamin daji da tara, aka raba talaka da dajin da kakanninsa suka yi farauta a ciki. Abin da mutum ba ya da rabo a ciki kuwa, ba ya tsaronsa. Shi ya sa da tsaro ya yi sanyi gatari ya shiga. Kamuku kanta, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa cikin 1999, daga baya ta zama mafakar ɓarayin shanu. Alhali kuwa manomin nan da ake zargi ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya da ke gonarsa, don ya san amfaninsu nasa ne.

Ƙasar Maraɗi ta gwada gaskiyar wannan. Bayan yunwar 1984 manoma suka riƙa barin tohon kututture in suna sassabe, suna rage rassa, har ya zama itace. Suka kira shi sassabin zamani. Da suka tabbata itacen nasu ne, sai gawo da kalgo suka cika gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

To, doka tana da wurinta, amma ba ta isa ita kaɗai. Muddin mutanen Kakuri da Barnawa suna girki da gawayi, za a ci gaba da sara. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta tabbatar wa mai gona da makiyayi rabonsu a rubuce, yadda wanda ya reni itace shi zai ci moriyarsa.