Sanadi Na Uku: Nazari a Kan Babin Ƙayyade Farashi a Littafin Al-Hisba na Ibnu Taimiyya

Duk lokacin da abinci ya yi tsada a ƙasar Hausa, tambaya ɗaya takan dawo gaban malamai a majalisun karatu da shirye-shiryen rediyo: shin hukuma tana da hurumin ƙayyade wa 'yan kasuwa farashi? Masu hanawa sukan riƙe hadisin Anas ɗan Malik (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, sai ya ƙi, ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma bayyana fatansa na haɗuwa da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Masu halattawa kuwa, kusan ko da yaushe madogararsu ita ce Al-Hisba fil Islam na Shaihul Islam Ibnu Taimiyya (661 zuwa 728 bayan Hijira, 1263 zuwa 1328 Miladiyya). Ɗan ƙaramin littafi ne da ke cikin mujalladi na 28 na Majmu'ul Fatawa, kuma almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya kwashi mafi yawan wannan babi ya sanya a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Ana yawan kafa hujja da littafin a kan abin da bai faɗa ba, sannan akwai giɓi a cikinsa wanda ba a cika tsayawa a kansa ba.

Ginin hujjar Shaihin mai sauƙin bi ne. Ya raba ƙayyade farashi gida biyu: na zalunci, wanda yake haramun, da na adalci, wanda yake halal, wani lokaci ma wajibi. Idan 'yan kasuwa suna sayar da kayansu yadda aka saba, ba tare da wani zalunci daga gare su ba, sai farashi ya hau saboda ƙarancin kaya ko yawan masu nema, to wannan lamarin Allah ne, tilasta musu wani farashi cin zali ne. Idan kuwa masu kaya suka ƙi sayarwa sai da ƙari a kan ƙimar da aka sani, alhali jama'a suna cikin lalura, to za a tilasta musu sayarwa a kan ƙimar kwatankwacin kayan, abin da fuƙaha'u suke kira samanul misli. Daga nan ya faɗaɗa hukuncin ya shafi masu haɗa baki su tsadanta kaya, da waɗanda aka keɓe wa sayar da wani nau'in kaya su kaɗai. Har ma ya kai ga sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, irin noma da saƙa da gini, inda ya ce farilla ce ta kifaya, shugaba yana iya tilasta masu su yi aiki a biya su ladan da aka saba biyan irinsu.

Inda gwanintar Shaihin ta fi fitowa shi ne yadda ya yi da hadisin Anas. Bai raunana shi ba, bai kuma ce an shafe hukuncinsa ba. Abin da ya yi shi ne ya duba kasuwar Madina kanta. Yawancin abincin da ake sayarwa a garin fatake ne suke kawo shi daga waje, kuma babu masu sana'ar niƙa ko gasa burodi don sayarwa. Mutane sukan sayi ƙwaya su niƙa su gasa a gidajensu. Babu kuma inda hadisin ya nuna cewa wani ya ɓoye abin da jama'a suke buƙata. Saboda haka a wurinsa hadisin labarin wata aukuwa ce ta musamman, lafazinsa bai game kowane hali ba. Sai ya kawo wuraren da Shari'a da kanta ta yanka ƙima ta kuma tilasta sayarwa, kamar hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim game da wanda ya 'yanta rabonsa a bawan da suka yi tarayya da wani, inda ake yi wa bawan ƙima ta adalci a biya abokin tarayya, da kuma haƙƙin shufa'a. Ko wanda bai yarda da sakamakon ba zai amince cewa wannan fiƙihu ne na mai sanin yadda kasuwa take tafiya.

Abin lura ga ɗalibin da ya tashi a kan Risala da Muwaɗɗa shi ne, kaso mai yawa na kayan aikin wannan babi daga Malikiyya aka ɗebo shi, musamman daga Abul Walid Al-Baji mai Al-Muntaƙa. Nan ne aka kawo ƙissar Umar ɗan Haɗɗabi (RA) da Haɗib ɗan Abi Balta'a mai sayar da zabibi, wanda Umar ya ba shi zaɓi ko ya ɗaga farashinsa ko ya bar kasuwa, tare da cikon da Imam Shafi'i ya ruwaito cewa Umar ya koma gidan Haɗib ya janye maganar. Nan ne kuma aka kawo ruwayar Ashhabu daga Imam Malik game da mai kula da kasuwa da ya yanka wa mahauta farashin nama. Malik bai ga laifin hakan ba muddin an yi la'akari da yadda suka sayi dabbobin, amma ya bayyana tsoronsa kada su tashi su bar kasuwar. Wannan tsoro na Malik ya fi shafuka da yawa nauyi. Waɗanda suka ga shekarar 1984 a Nijeriya, lokacin da sojoji suka riƙa tilasta sayar da kayan masarufi a farashin gwamnati, sun ga fassararsa da idanunsu: kaya suka yi ɓatan dabo daga kan teburi, layuka suka yi tsawo, ciniki ya koma bayan fage.

Matsala ta farko a littafin tana tattare da ma'aunin da aka gina komai a kansa. Samanul misli daga kasuwa ake sanin sa. Shi ne abin da mutane suke sayen irin wannan kaya da shi a wannan wuri a wannan lokaci. Yana da amfani sosai idan mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ne suka saɓa wa sauran kasuwa, domin akwai abin da za a gwada su da shi. Amma idan kasuwar ce gaba ɗaya ta rikice, kwanon masara yana wayar gari da farashi ya yini da wani, da wane kwatankwaci za a auna? Farashin bara ba ma'auni ba ne idan kuɗin taki da na mota sun ninka. Shaihin bai warware wannan ba sai ta hanyar maganar Ibnu Habib da ya naƙalto daga Al-Baji, cewa shugaba ya tara manyan 'yan wannan kasuwa, ya kawo waɗansu daga waje don tabbatar da gaskiyarsu, ya tambaye su yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan ya lallaɓa su zuwa farashin da zai bar musu riba bai kuma cuci jama'a ba, har su yarda. Hanya ce mai kyau, amma mai karatu ya lura cewa ta fi kama da sulhu bayan bincike fiye da umarni daga sama. Masu ɗaukar littafin a matsayin lasisin hukuma ta buga takarda ta rataye a bakin kasuwa ba su karanta wannan sakin layi ba.

Matsala ta biyu ita ce babba. Littafin ya san sanadi biyu na tsada: wanda ya zo daga Allah ba tare da laifin kowa ba, da wanda ya zo daga zaluncin masu kaya. A cikin duka biyun shugaba yana tsaye ne a gefe kamar alƙali, yana duba ko ya sa baki ko ya kame. Sanadi na uku, wato tsadar da hannun hukuma da kansa ya haifar, bai samu babi ba. Ba za a ce Shaihin bai hango shi ba. Da yake magana a kan waɗanda aka keɓe wa sayar da wani kaya, ya ambaci cewa hana sauran mutane yana iya zama zalunci saboda wani kuɗi da ake karɓa daga mai sayarwa. Wane ne yake karɓar kuɗin in ba mai mulki ba? Amma maganin da ya bayar shi ne a ƙayyade wa 'yan kasuwar farashi, ya wuce bai tsaya a kan wanda ya sayar musu da wannan dama ba. Ibnul Ƙayyim ya fi shi zafi a nan, domin ya lissafa bayar da hayar shago bisa sharaɗin kada wani ya sayar a wurin cikin mafi munin zalunci, ya ɗora laifin a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Mai kare littafin yana da abin cewa. Zai ce batun littafin shi ne aikin muhtasibi, wanda ma'aikaci ne a ƙarƙashin sarki, kuma Shaihin ya yi maganar wajiban masu mulki a As-Siyasatush Shar'iyya. Zai kuma kawo fatawarsa da ke mujalladi na 29, inda ya wajabta wa sarki buga kuɗin tagulla a kan ƙima ta adalci, ya hana shi mayar da buga kuɗi hanyar cin riba. Wannan gaskiya ne, kuma yana wanke marubucin. Sai dai ba ya cike giɓin littafin, domin mai karanta Al-Hisba shi kaɗai, kamar yadda yawancin masu kafa hujja da shi suke yi, zai fito da zaton cewa duk tsadar da ba fari ne ya kawo ta ba to ɗan kasuwa ne. Waɗanda suka zo bayansa a daular Mamluk ɗin nan sun ga abin da ya tsallake. Ibnu Khaldun (ya rasu 808 bayan Hijira) ya ware fasali a Muƙaddima don nuna cewa shigar sarki fatauci tana cutar da talakawa tana kuma karya haraji. Al-Maƙrizi kuwa, wanda shi da kansa ya riƙe muƙamin muhtasibin Alƙahira, ya rubuta Igasatul Umma a shekarar 808 ɗin, ya jingina tsadar zamaninsa ga sayar da muƙamai da rashawa, da tsawwala kuɗin hayar gonaki, da cika kasuwa da kuɗin tagulla. Dukkansu ayyukan masu mulki ne. Haka nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya zo lissafa zaluncin sarakunan Hausa a Kitabul Farƙ, jangali da abin da ake karɓa a hannun mahauta da sauran 'yan kasuwa suna cikin abin da ya ƙirga.

Muhimmancin wannan giɓi ya bayyana a 'yan shekarun nan. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 ko fiye cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki darajar naira ga kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyakar ƙasashen biyu, ta zauna a rufe har watan Maris na 2024. Ga kuma manoman Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, alhali tsaron rai da dukiya shi ne farkon haƙƙin talaka a kan shugaba. Kafin tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ko matakan nan daidai ne ko kuskure, wannan muhawara ce ta daban. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daga hukuma suka fito. A cikin wannan hali ne wata hukumar jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau a watan Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta.

Ɓoye abinci don a tsadanta shi zunubi ne da nassin hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim, kuma wanda aka tabbatar da shi a kansa ya cancanci a tilasta masa fito da kayan. Amma a mazhabar Malik ajiya tana zama ihtikari ne idan ta cutar da kasuwa, kuma manomi mai ajiye amfanin gonarsa da falke mai shigo da kaya daga nesa ba sa shiga wannan hukunci. Kasuwa irin Dawanau, wadda ake tara hatsi da riɗi da wake a cikinta don a rarraba zuwa sauran jihohi da ƙasashen maƙwabta, ba ta aiki sai da ɗakunan ajiya, don haka ganin buhuna jibge bai isa shaida ba. Idan aka auna da ma'aunin Ibnu Taimiyya kansa, ɗan kasuwar da ya ƙara farashi domin kuɗin dakon mota ya ninka, ko domin ba zai iya sake sayo buhun da ya sayar da kuɗin jiya ba, yana sayarwa ne yadda aka saba ba tare da zalunci daga gare shi ba. Tilasta masa farashi yana cikin kaso na farko, wanda Shaihin ya haramta. Kada kuma a ce ai aikin hukuma ma ƙaddara ce; komai ƙaddara ne, har zaluncin mai ɓoye kaya. Rabe-raben Shaihin ya ginu ne a kan samuwar hannun ɗan Adam da za a tuhuma ko rashinsa.

To, ina lalurar talaka za ta koma idan ɗan kasuwa ba shi da laifi? Amsar tana cikin aikin Umar (RA), kuma a nan ne babin ya fi buƙatar ciko. A shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, aka aiko da ayarin abinci, ya ciyar da jama'a daga dukiyar al'umma. A cikin Muwaɗɗa kuma, a babin ushirin da ake karɓa daga 'yan amana, an ruwaito cewa yakan karɓi rabin ushiri kawai a kan alkama da mai daga fataken Nabaɗawa domin ya yawaita shigo da su Madina, yana karɓar cikakken ushiri a kan dangin wake. Shugaba ne ya rage abin da yake shiga baitulmali don kaya su yawaita. Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki mataki mai kama da wannan a watan Yulin 2024, da ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, wata biyar bayan an rufe ɗakunan ajiya a Dawanau.