Aron Kalma da Aron Busa: Nazari a kan Faifan Farko na Yusuf Latif

Wataƙila malamai za su yi mamakin ganin zancen kiɗan jaz a cikin waɗannan takardu, tun da ya ke aikinmu a kan harshen Hausa ne. Dalilina shi ne, da na saurari faifan da zan yi magana a kansa, sai na ga ya tayar da wata mas'ala wadda kullum mu ke fama da ita a aji, watau mas'alar aro.

Sunan faifan Jazz Mood. Kamfanin Savoy ya ɗauke shi a Amurka cikin watan Afrilu na 1957, shi ne kuwa na farko da ya fito da sunan Yusuf Latif, wanda Turawa ke rubutawa Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a jihar Tenesi, ya girma a Detroit, birnin ƙera motoci, inda Larabawan Sham da na Labanan da yawa suka zo neman aiki. Ya musulunta tun yana saurayi, ya kuma yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949. Ashe ke nan ba sabon shiga ba ne sa'ad da aka ɗauki faifan, shekararsa 36, amma sabo ne a matsayin shugaba. Abokan aikinsa kuwa samari ne 'yan garinsu: Curtis Fuller a ƙaho, Hugh Lawson a piyano, Ernie Farrow a babban goge na tsaye, Louis Hayes a ganguna, shi ko ashirin bai cika ba.

Ainihin abin busar Latif shi ne saksafon, sai kuma sarewar Turawa. Amma a wannan faifai ya shigo da baƙi biyu. Na ɗaya argul, abin busa na ƙauyukan Masar, mai karare biyu a haɗe: guda yana riƙe da amo ɗaya ba ya canjawa, guda yana yin waƙar. Wanda ya saba jin algaita a ƙofar fada zai ji kama a kaifin muryarsu, ko da ya ke ginin bakinsu ya bambanta. Na biyu rababa, mai tsirkiya, wadda Farrow ya kaɗa.

To, ga inda ilmin harshe ya shigo. Kowane malami ya san Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, amma ba ta bar su da rigar da suka zo da ita ba. Ta ƙara musu wasali a ƙarshe, ta ba su karin sauti da jinsi da jam'i irin nata. Haka muka sami littafi da littattafai, allo da alluna, alƙalami da alƙaluma, har yaron makaranta ba ya jin baƙuncinsu. Akwai kuma kalmar da ba ta kai ga wannan ba, wadda mai magana ke jefawa don ado ko don a san ya yi karatu. In ka cire ta jumla ba ta rasa kome ba. Sa'an nan akwai aro na uku, wanda ya fi wuyar aukuwa, shi ne wanda ya taɓa ginin jumlar kanta, kamar yadda "amma" ta zo daga Larabci ta zauna tsakanin zantuttukanmu.

A ganina argul a nan aron ado ne. Da shi aka buɗe kiɗan farko, mai suna Metaphor, ya yi sallama da muryar Masar, sa'an nan ya koma gefe aka shiga jaz irin wanda aka saba. Ba a gina kome a kansa ba. Ban ce busar ba ta da daɗi ba, amma baƙon nan a zaure aka tsai da shi. Dalilin kuwa a fili ya ke. Piyano an ɗaure tsirkiyoyinsa a kan matakai 12 daidai wa daida, waƙar Larabawa kuwa tana da amo a tsakankanin waɗannan matakai, saboda haka in an daɗe ana haɗa su za a ji saɓani. Sauran faifan yawanci buluz ne, watau kiɗan baƙaƙen fata na Amurka wanda ke zagayawa a kan gaɓa 12, kuma can ne Latif ya fi sakewa, muryar saksafon ɗinsa mai kauri, ba garaje.

Inda na ke ganin an yi abin kirki shi ne kiɗan da ya kira Morning, ma'ana safiya. A nan rababa tana maimaita ɗan gajeren kari guda tun daga fari har ƙarshe, ana kaɗa 'yan ƙananan abubuwa a bayanta. Mabushin jaz na zamanin ya saba da ƙasa mai motsi a ƙarƙashinsa, haɗin amo yana canjawa kusan kowace gaɓa, shi kuwa yana bin canjin da sauri don ya nuna gwaninta. Da aka tsai da ƙasar wuri guda, sai ya zama ba abin da zai bi. Dole ya nemi sha'awa a wani wuri: tsawon numfashi, da lanƙwasa amo, da yin shiru inda ya dace. Kunnen da ya saba da garaya ko kukuma ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama haka makaɗanmu ke yi, kari guda a ƙasa, mawaƙi yana yawo a kansa. Abin lura shi ne, abin da ya ke busawa a wannan kiɗa saksafon ne, ba argul ba, duk da haka ya fi nisa daga jaz na yau da kullum. Aron ya shiga nahawu. An kuwa yi wannan shekara 2 kafin faifan Miles Davis na 1959, wanda a ke yawan jingina wa farkon irin wannan salo.

Akwai abin da zan soka. A fayafayan da suka biyo baya, har zuwa Eastern Sounds na 1961 inda ya busa wata sarewar yumɓu ta ƙasar Sin, kalmar "Gabas" ta zama buhu guda da aka zuba Masar da Indiya da Sin a ciki, alhali kowace da tsarin kiɗanta. Amma adalci ne a faɗi cewa bai tsaya nan ba. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin sarewar Fulani a wurin masu ita. Ya rasu a 2013.

Malamin da ke koyar da aron kalma a kwalejin horon malamai yana iya kunna wa ɗalibai waɗannan kiɗe-kiɗe biyu, ya haɗa da busar algaita guda, sa'an nan ya tambaye su wanne ne littafi, wanne ne "amma".